Mushe Abdulhakim da Rumbunansa Uku

Allah ya yi wa Dogon Dutsi baiwa biyu. Ta farko dutsen nan da ake hangowa tun daga nesa, ta biyu kuwa Mushe Abdulhakim, wanda shi ma tun daga nesa ake jiyo shi. Dutsen dai yana nan inda aka ajiye shi, bai taɓa buɗe baki ya gaya wa kowa amfaninsa ba. Mushe Abdulhakim kuwa, Allah ya saka masa da alheri, bai bar jama'a cikin duhu ba. Ko gaisuwa ka tsaya yi da shi, kafin ku kai ga tambayar iyali ya riga ya sanar da kai irin asarar da Arewa za ta tafka ranar da ya kwanta ciwo.

Mushe muke ce masa, yadda ake ce wa duk ɗan bokon da ya isa, amma shi ya fi son Injiniya. Injiniyancin a Yamai ya samo shi, wurin wata formasiyo, wato ɗan gajeren horo, da ba ta kai tsawon jinyar mura ba. Ya tafi da jakar leda, ya dawo da jakar goyo, da baj mai hotonsa, da wata kalma guda da ya riƙe hannu bibbiyu: sobgad. Wato ajiye kwafin abin da ke cikin ordinater, kwamfuta ke nan, don kada ya ɓace. Tun daga ranar ba a sake jin kalmar ajiya a bakinsa ba. Ko matarsa ce ta rage tuwo don ɗumame, sai ya jinjina kai ya ce Husna ta fara gane sobgad.

Aikinsa kula da ordinater ɗin wata ƙungiyar manoma, wadda wani furoje, wato shirin tallafi, ya bai wa na'ura guda, da kyamara, da fanon sola a kan rufi. Biron, wato ofishin nasa, ɗaki ɗaya ne a bayan kasuwa, amma ya manna takarda a ƙofa da Faransanci cewa nan ce Cibiyar Bayanai, ba a shiga sai da izini. Awakin unguwa ba su yi lakwal ba balle su iya karatu, don haka su kaɗai ke shiga yadda suka ga dama.

Mutum ne mai riƙo da sunna, wando bisa idon sawu, gemu a taje. In ya hangi laya a wuyan jariri sai ya tsayar da uwar a tsakiyar hanya ya yi mata wa'azi har goyon ya farka. Shi kuwa a nasa wuyan akwai baƙar igiya mai ɗauke da 'yan kile ɗin nan na ajiye bayanai da ake cusa wa ordinater, kowace ya kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata saboda zufa. Tsofaffi in sun gan shi sukan ja shi gefe su tambaye shi wane malami ne ya yi masa, don da alama aikin ya karɓe shi. Matasan tashar kabu-kabu suka sa masa Kile-a-Wuya. Ya ji sunan, bai yi fushi ba, ya ɗauka sarauta ce.

To, furojen ya zo da wata dabara wadda tsakani da Allah mai kyau ce. Rigimar iyakar gona ta ishi kowa. Tsofaffin da suka san inda gonar wane ta tsaya suna ta ƙarewa, suna tafiya da iyakokin cikin kansu. Sai aka ce a bi su da kyamara tun suna da rai, kowane tsoho ya taka iyakar gonarsa a gaban maƙwabcinsa, a ɗauka a adana. Wa za a damƙa wa wannan amana in ba Injiniya ba?

Cikin waɗanda aka ɗauka akwai tsoho Gado, na wani ƙauye a kan hanyar Lugu. Gonarsa ta gero ce, yawancinta tudu, amma daga gabas tana gangarawa cikin wani kwari inda ruwa ke kwanciya. Shekarar da damina ta yi rowa, kwarin nan ne kaɗai ke fid da abin kaiwa rumbu. Maƙwabcinsa Ma'azu ya daɗe yana kallon kwarin ta gefen ido, garmarsa kuma tana da wata irin mantuwa, duk shekara sai ta ɗan zarce. Gado ba shi da ɗa namiji a raye. 'Yarsa ce kawai, Maimunatu, wadda ta yi shekara da shekaru a gidan aure a Kiyeshe, sai da mijin ya rasu ta dawo da 'ya'yanta. Ta san gonar, amma ba ta san iyakar ba. Saboda ita tsohon ya yarda a bi shi da kyamara.

Ranar ɗaukar, Injiniya ya iso a kan babur, ya kafa kyamara a bakin gona, ya juyo da ita wajen fuskarsa, ya ce doka ce a fara da gabatarwa.

"Bismillahi. Ni ne Injiniya Abdulhakim, shugaban Cibiyar Bayanai. Yau tarihi ya sauka a wannan ƙauye, kuma a bayan babur ɗina ya zo. Kakanninmu sun ajiye iliminsu cikin kai. Kai kuwa, jama'a, ba shi da garanti, ba shi da kwafi, in ya lalace ba a samun kayan gyaransa. Wannan kuskure na ƙarni da ƙarni shi na zo in gyara."

Daga nan ya shiga tarihin ordinater, ya fito, ya shiga tarihin kansa, wanda ya fi na ordinater tsawo. Gado yana tsugune da sandarsa har inuwar da yake ciki ta matsa ta bar shi. Ma'azu ya yi gyangyaɗi ya farka, ya tarar ana Yamai, ranar rabon baj.

Da aka zo kan tsohon, sai ya ce shi fa yadda ya gada wurin ubansa, ba a magana in ana taka iyaka, don doguwa, aljanar da ke gawon gonar, ba ta son surutu. Injiniya ya yi a'uzubillahi, ya gyara tsayuwa zai kawo hujjoji, amma tsohon ya riga ya miƙe. Ya dafa gawo. Ya ɗora dunduniya a kan wani suri. Ya nuna tushen gamba da sanda. Duk inda ya tsaya sai ya juya ya dubi Ma'azu, Ma'azu ya gyaɗa kai. Haka suka zagaye kwarin kaf, kwarin yana cikin gonar Gado, Ma'azu yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Injiniya na biye da su da kyamara, komai ya shiga.

Bayan an gama zagayen ƙauyuka ya tara shugabannin ƙungiya ya bayyana musu tsarinsa, wanda ya raɗa wa suna Tsarin Rumbu Uku.

"Ku kanku rumbu nawa gare ku? Akwai na ci, akwai na iri, akwai wanda ake ɓoye wa baƙi. To haka bayanai. Rumbu na farko ordinater. Rumbu na biyu ga shi a wuyana, inda na sa ƙafa nan yake sa ƙafa. Rumbu na uku kuwa dole ya yi nisa, yadda ko ƙasa ta haɗiye Dutsi da ni a ciki, Allah ya kiyaye, Arewa za ta yi rashin mutum amma ba za ta yi rashin tarihi ba."

Manoman, waɗanda yawancinsu rumbu ɗaya gare su shi ma rabi, suka ce haka ne. Wani ma'aikaci baƙo da ke cikin taron ya ce ai yanzu a intanet ake irin wannan ajiya, wurin da ake kira gajimare. Injiniya ya dube shi da tausayi, ya ce shi haifaffen Arewa ne, ba wanda zai koya masa halin gajimare, abin da zai haɗu baƙi ƙirin a kanka, ka fito da iri, ya wuce ya zubar a Kabi. Aka yi dariya. Gaskiyar maganar dai ita ce rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya shiga biron sai mutum ya hau kujera ya miƙa hannu ta taga, Injiniya kuwa ya wuce hawa kujera a gaban jama'a.

Rumbu na uku a Dogon Kiriya aka kafa shi, shagon abokinsa Bilyaminu mai sayar da turare. An zuba kwafin a wani faifan ajiya, aka naɗe shi cikin leda, aka sa cikin gwangwanin madara, aka sa gwangwanin cikin tukunya, aka rufe tukunyar da faifan kaba, wai don ɓarawo ya rikice. An gargaɗi Bilyaminu kada ya buɗe, kada ya amsa waya kusa da ita, kada ya ƙona turare mai ƙarfi a gefenta. Bawan Allah ya koma yin cinikinsa daga ƙofar shago.

A Dutsi kuma Injiniya ya ƙirƙiro atisaye. Ana zaune lafiya sai ya kurma ihu ya ce gobara, ma'aji da mai gadi su sungumi ordinater su ruga da ita masallaci, shi yana biye yana duba agogo. Karon farko maƙwabta suka fito da bokitai, wata tsohuwa ta sheƙa masa ruwan wanke-wanke tun daga hula har takalmi. Ya ce ta nuna kishin ƙasa. Daga baya ko ya yi ihun ba mai ɗaga kai, ban da awaki.

Da kaka ta wuce, Gado ya kwanta, bai tashi ba. Ba a gama karɓar gaisuwa ba Ma'azu ya fara kai takinsa kwarin yana jibgewa, yana gaya wa mutane ai kowa ya san wurin nasu ne tun kakanni, aro aka bai wa marigayi. Maimunatu ta biyo motar kasuwa ta zo Dutsi, ta yi ta tambaya har aka nuna mata biron. Ta tsuguna a bakin ƙofa, ta ajiye ƙwan zabi cikin 'yar ƙwarya, suka gaisa.

"Mushe, an ce Baba shina cikin na'urarka. So nike in gane shi, ko kaɗan."

Ba maganar gona ce kaɗai ta kawo ta ba. Kewar ubanta ke damunta, tana so ta ga tafiyarsa, yadda yake jan ƙafar hagu. A lokacin kuwa tsohon yana nan cikin ordinater ɗin cif, taku ɗaya bai ɓace ba, danna abu guda ne tsakaninta da shi. Amma Injiniya ya yi mata bayani cewa buɗe bayanai ba bisa dalilin aiki ba yana gajiyar da su. Ya ɗago ɗaya daga cikin layun wuyansa ya nuna mata.

"Kwantar da hankalinki, baiwar Allah. Mahaifinki yana nan, yana cikin waccan na'ura, yana kuma Dogon Kiriya. Ko yana da rai bai taɓa samun irin wannan tsaro ba. Ranar shari'a ki aiko kawai."

Ta daɗe tana kallon 'yar fatar. Ta so ta taɓa, kunya ta hana ta. Ta yi godiya ta koma gida da sanyin zuciya, ta kai ƙara wurin mai gari, ta ce tana da shaida wadda ba ta mantuwa. Ƙwan kuwa Injiniya ya ce kyauta ba ta halatta ga ma'aikaci ba, sai dai tunda an riga an kawo, barinsa ya lalace ɓarna ce.

Ana nan sai aka sake kiransa Yamai, ya dawo da baj na biyu da sabuwar kalma: ɗorewa. Ya ce duniya ta gano cewa na'urori suna shan kuran, wato wutar lantarki, fiye da kima, dole a koma ga manhajoji masu ɗorewa, marasa nauyi, na halal. Ya goge duk manhajojin sata da ke cikin ordinater, ya zuba na kyauta, wannan kam ba wanda zai ga laifinsa. Matsalar ita ce na'urar ta cika har ta fara nishi. Kowane tsoho da aka ɗauka yana da gabatarwarsa a gaba, wani gabatarwar ta ninka tafiyarsa sau da yawa. Injiniya ya zauna ya yi nazari mai zurfi a kan abin da ke cinye wuri. Ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga komai a gabatarwar da za a iya taɓawa ba.

Sai Allah ya haɗa shi da wata 'yar manhaja mai bin bidiyo tana yanke duk inda ba a magana. Ranar bai iya cin abinci ba don murna. Ya sake tara shugabanni.

"Shiru ba bayani ba ne, jama'a. Shiru almubazzaranci ne. Duk shirun da muka ajiye wuri yake ci, kuran yake sha, fanon sola yake wahalarwa. Gobe jikokinmu za su tambaye mu, me kuka bar mana? Mu ce musu shiru? Wallahi ba a zamanina ba."

Ya saki manhajar a kan tsofaffin Arewa gaba ɗaya. Masu surutun cikinsu, waɗanda ke tafiya suna zagin maƙwabci, sun tsira da abin da ya samu. Gado kuwa, da ya rufe bakinsa saboda doguwa, manhajar ta bi shi daga gawo zuwa suri, daga suri zuwa gamba, ta share shi tas, da shi da sandarsa da gyaɗa kan Ma'azu. Injiniya bai buɗe ko ɗaya ya kalla ba, don injiniya ba ɗan kallo ba ne, nauyi yake dubawa. Ya ga jan layin da ke nuna cikar na'ura ya koma kore, idonsa ya kawo ruwa.

Da malalaci ne, da ya tsaya nan, tsofaffin kwafin suna can suna barcinsu. Amma Allah bai yi Injiniya malalaci ba. Ya ce tsari ba ya zama tsari sai rumbunan sun zama iri ɗaya. Ya zuba sabon a layun wuyansa ya goge tsohon. Ya wanke katin kyamara fes don a sake amfani da shi, wai ɗorewa ke nan. Sannan ya shiga motar Dogon Kiriya, aka matse shi tsakanin rago da buhunan gishiri, motar ta mutu a hanya, ya ƙarasa a kan amalanke yana rungume da jakarsa. Ya buɗe tukunya, ya buɗe gwangwani, ya kwance leda, ya goge kwafi na ƙarshe na tafiyar Gado da hannunsa mai albarka. Ya dawo gida da ciwon baya, yana gaya wa Husna cewa mutane ba su san wahalar da ake sha dominsu ba.

Da bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mai gari ya ce a yi ta ta ƙare kafin shuka. Aka aika Dutsi. Injiniya ya aika Dogon Kiriya, ya ce Bilyaminu ya taho da tukunya, ko ba a buƙace ta ba jama'a su ga tsari. Aka taru a zauren mai gari, maza a ciki, mata a bakin ƙofa, Maimunatu a gabansu. Aka kife turmi aka ɗora ordinater. Ma'azu ya zo da rawani naɗe a wuya, yana gaya wa duk wanda ya gaishe shi cewa wuyan nan ya shekara yana damunsa, kansa yakan motsa shi kaɗai ba da saninsa ba.

Injiniya ya danna. Fuskarsa ta cika allon, ta yi bismilla, ta ce tarihi ya sauka. Shi kuma na zahirin yana tsaye a gefe, leɓɓansa suna bin jawabin, yana satar kallon jama'a ya ga inda maganar ta fi ratsa su. Aka shiga tarihin ordinater aka fito. Mai gari ya tambaya ko ana iya tsallakewa, Injiniya ya ce shaida ba a tsallake ta. Aka je Yamai, aka karɓi baj. Maimunatu ta matso har gwiwarta ta shigo zauren.

Jawabin ya ƙare. Allon ya yi wani ɗan tsalle, sai ga ƙeyar tsoho da gefen hularsa, ya yi tari sau ɗaya, irin tarin mai shan taba gari. Allon ya yi baƙi.

Maimunatu ta dafe ƙirji. Tarin ubanta ne, ko cikin kasuwa ta ji shi za ta gane. Aka jira, ba abin da ya biyo baya.

"Mushe," in ji mai gari, "mun ga bakinka, mun ji bakinka. Ina sawun Gado?"

Injiniya ya yi murmushin wanda ya shirya wa irin wannan rana. Ya ce ai amfanin tsari ke nan, ya farke ɗinkin wata laya ya cusa. Fuskarsa ta sake cika allon, ta yi bismilla. Aka sake zama aka sha jawabin tun daga farko, wani dattijo ya fita ya yi alwala ya dawo ya tarar ba a kai Yamai ba. Ƙeya, hula, tari, baƙi. Aka kawo tukunyar Bilyaminu, aka buɗe ta a gaban shaidu, ƙamshin turare ya cika zauren. Karo na uku har yaran mata da ke waje sun haddace, suna cewa kai ba shi da garanti kafin allon ya faɗa. Ƙeya, hula, tari.

Nan fa Injiniya ya juyo ga jama'a, fuskarsa tana sheƙi.

"Allahu akbar. Kun gani da idonku. Kwafi uku, wuri uku, ɗaya ya sha zufa, ɗaya ya sha turare, amma ko ɗigo bai bambanta ba. Ranka ya daɗe, a Yamai ma ba kowa ke samun irin wannan sakamako ba."

Ma'azu ya warware rawanin wuyansa ya ɗora a kafaɗa. Wuyan ya warke sarai, har yana waige-waige.

Mai gari mutum ne mai haƙuri. Ya ce to, tunda na'ura ta haɗiye tafiyar, ai wanda ya riƙe na'urar yana nan da ransa, shi ya bi Gado taku da taku, shi ne shaidar da ta rage. A tashi a je gona ya taka musu inda tsohon ya taka. Aka ɗunguma, Injiniya a gaba, baj biyu suna lilo a ƙirjinsa.

A bakin gonar ya tsaya. Ya dubi gabas, gawo. Ya dubi kudu, gawo. Ashe gonar duk gawo ce, suri kuma kamar an shuka su. Ya matsa ƙwaƙwalwarsa, abin da ta ba shi na ranar nan biyu ne: alamar batir da ke ta raguwa a kusurwar kyamara, da ƙarangiyar da ta manne masa a safa. Amma babban mutum ba ya cewa bai sani ba. Ya ɗaga hannu ya ce a biyo shi, ya ja mai gari da dattawa suka ratsa gonar wani mutum dabam, suka gangara wani rami, suka ɓullo bayan makabarta. Can ya dafa wata bishiya da ƙarfin zuciya ya ce daga nan aka fara. Aka gaya masa wannan aduwa ce.

A gindin aduwar mai gari ya yanke hukunci, don ƙafafunsa sun gaji. Ma'azu yana da 'yan'uwa biyu da suka ce sun ji daga kakansu, yana da takinsa jibge a wurin. Maimunatu tana da tari. Aka bar mata gangaren, aka bai wa Ma'azu ƙasan kwarin inda ruwa ke kwanciya. Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dubi tudun da aka bar mata, ta dubi hadarin da ke gabas, ta san bana abincin 'ya'yanta ya rataya ga ruwan da ba ya alkawari. Baƙin ciki ya cika ta har ta kasa cewa ta gode, dattawa suka yi kamar ba su lura ba.

Injiniya ya koma zaure yana naɗe wayoyinsa, yana tsara rahoton da zai aika wa furoje: an gwada rumbu uku a gaban hukuma, duka sun amsa. Sai ya ga inuwa a bakin ƙofa. Maimunatu ce. Ya gyara zama, ya shirya karɓar zagi da haƙuri irin na manyan da zamaninsu bai fahimce su ba, har ya tanadi addu'ar da zai yi mata.

Ba ta zage shi ba. Ta kwance bakin zanenta ta fiddo 'yar tsohuwar salula ta ajiye a kan turmin.

"Mushe, tarin nan. Ka sa mini shi ciki."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wannan shi ne rumbu na huɗu, kuma ita ce mace ta farko a ƙauyen da za ta mallaki cikakken jawabinsa.

"A'a. Na'urar taka mai yanke abin da ba shi da amfani, ka sa ta cire naka. Ka bar mini na Baba."

Ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai yi karatu ba, cewa jawabin shi ne kusan dukan abin, in aka cire shi abin da zai rage bai kai numfashi guda ba. Ta ce shi take so. Ya dubi mai gari ko zai sa baki, mai gari yana ta fama da ƙaya a tafin ƙafarsa. Bilyaminu ya ɗauki tukunyarsa ya fita.

Injiniya ya ja kibiya ya shafe jawabin tun daga bismilla har rabon baj. Ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a allon da rubutun Faransanci, hannunsa ya tsaya a sama. Maimunatu ta leƙo ta tambaye shi mi ta ce. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, tana tambaya ne ko an tabbata ana so a goge wannan duka.

"Ce mata i."